Zaren Da Ba Ya Tsinkewa

Daly River
9 ga Janairu, 1994

Zuwa ga ƙanena Lyall,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma ranar hamadar taku ba ta ƙarasa soye ɗan naman da ya rage a jikinka ba. Mu nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, shimfiɗu duk sun yi funfuna, sauro kuma ya mai da mu gonarsa. Ni ƙalau nake, in ban da ciwon bayan da ka sani.

Baba da sauƙi. Bakinsa ya miƙe, magana ta dawo, har da zagin. Ƙafar dama yana ɗan janta. Hannun daman ne dai har yanzu. Likitan Darwin ya ce a irin wannan shanyewar jiki, abin da bai dawo cikin wata shida ba da wuya ya dawo, ga shi yau wata takwas. Babban yatsan sam ba ya ji. Ranar Lahadi ya ƙone shi a jikin buta, bai sani ba sai da na nuna masa bororon.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Ya rantse da ruwa ya fara janyewa a watan Afrilu sai ya koma wurin itacen nan da ya faɗa kogi a ƙasan tsohuwar gonar gyaɗa, neman ƙaton kifin nan da yake kira Tsohuwa. Ka san zancen: shekara arba'in yana kamun kifin baramundi bai taɓa fid da wanda ya kai mita ba, ita kuwa sau biyu tana tsinke masa zare a gindin itacen. Sandarsa ta kamun kifi ta tsage, injin naɗe zaren kuma tsatsa ta cinye shi. Ya ce ka sayo masa sababbi idan ka sauka Adelaide hutu.

Ga abin da ni nake so ka sayo, ba abin da shi zai ce ba. Sanda marar nauyi, mai laushi. Inji irin mai rataye a ƙasan sanda, wanda ku kuke yi wa ba'a kuna kira maburgi. Zare kuma na roba, mai ɗaukar kilo shida, kada ya wuce haka. Ina son zaren da zai tsinke idan abu ya yi tsanani. Baba yanzu kilo hamsin da huɗu ne, jirginmu na ruwa ka san ɗan ƙarami ne na kwano, kadoji kuma sun ninka yadda ka bar su. Akwai wani mai tsawon jirgin da ke shan rana daidai gwiwar kogin.

Ka yi yadda na ce, kada ka kawo mini wayonka.

Yayarka,
Merrilyn

Sansanin gyaran layin dogo, Tarcoola
27 ga Janairu, 1994

Yaya Merrilyn,

Na gaishe ki, na gai da Baba. Wasiƙarki ta zo a jirgin ƙasa ranar Talatar makon jiya. Ni lafiya lau, sai ƙura da ƙudaje. Na ji daɗin jin bakin Baba ya dawo. In har ya fara zagi, ai ya warke.

Amma Yaya, na karanta abin da kika lissafa sau uku, raina yana ƙara ɓaci. Maburgi? Ga Baba? Mutumin da ya taɓa sauke baƙo daga jirginsa a bakin gaɓa don ya zo da shi? Kin san a garinmu wannan injin na yara ne da 'yan kudu masu zuwa yawon hutu. Ranar da aka gan shi da shi a mashigar jirage, an gama da shi. Kuma zare kilo shida ai na kamun 'yan ƙanana ne a tafki. Ki fito fili ki ce ba kya so ya kama komai, kina so ki zaga da shi kogi ya sha iska ki dawo da shi kamar majinyaci. Tun muna yara haka kike, kowa sai kin naɗe shi cikin bargo.

Zancen yatsa kuma ba hujja ba ne. Yatsa na mai jifa ne, don ya tare zare kada ya cukurkuɗe. Baba ba jifa zai yi ba. Ke za ki riƙe injin jirgi, shi ya saki kifin katakonsa mai ƙugiya a baya kuna ja a hankali. Riƙo kawai zai yi.

Na sauka Adelaide makon jiya, na shiga wani shagon kayan su. Na zaɓi gajeriyar sanda mai tauri, wadda za ta juya kan kifi kafin ya shige cikin rassa. Sannan mai shagon ya nuna mini wani sabon zare da ya shigo, ba na roba ba, kitsa shi aka yi. Siriri ne kamar na ɗinki, amma kilo ashirin da biyar yake ɗauka, kuma ba ya miƙewa ko kaɗan. Na ɗaura shi a turken shingen shagon na ja da iyakar ƙarfina, safar hannuna ce ta yanke, shi ko gezau. Injin da nake so, mai zama a saman sanda irin nasa na da, ya ƙare musu. Sai nan da mako uku zai zo, sannan in haɗa in aiko.

Ban zo asibiti ba lokacin da ya kwanta, na sani, ba sai kin tuna mini ba. Wannan ne abu guda da zan iya yi masa, ki bar ni in yi shi da kyau. Tsohuwa ba za ta tsinke wannan ba.

Ƙanenki,
Lyall

Daly River
8 ga Fabrairu, 1994

Lyall,

Muna lafiya. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa. Kada ka aiko da zaren nan.

Akwai abin da ban faɗa maka ba, don Baba ya sa na yi masa alkawari. Yau na karya shi, laifin a kaina. Ka ce riƙo kawai zai yi. Lyall, ba ya iya riƙo. Kofin shayi ma da hagu yake ɗauka, na dama suɓuce masa yake. Hagun kuwa da shi zai juya hannun inji. To ka san dabarar da ya yi? Ya yanko robar cikin taya, yana ɗaure gindin sanda a tsintsiyar hannunsa na dama, naɗi biyar, ya ƙulle da haƙori. Tun watan jiya yake gwadawa a baranda da tsagaggiyar sandar. Na ja bakin sandar don in gani, sai ga shi ya taso daga kujera gaba ɗayansa ya biyo ta. Dariya ya yi. Ni ban yi ba.

Kuma ka san yadda yake yi da birkin injin zare. Matse shi yake har ƙarshe, wai kifin da aka ba shi taƙi ɗaya a gindin itace ya tafi ke nan. A da zaren roba ne ke cetonsa, ya miƙe, in ya gaji ya tsinke. Yanzu ka haɗa su ka gani: birki a matse, zaren da ba ya tsinkewa, sanda ɗaure a hannu, tsoho mai ƙafa ɗaya da rabi. In Tsohuwa ta ɗauka ta nufi ƙasa, a cikin jerin nan me zai saki? Babu, sai shi. A ruwan da ka sani.

Ba don in wulaƙanta shi na ce kilo shida ba. Ka ce na cika naɗe mutane cikin bargo. Ni na wanke shi wata uku yana kuka don kunya, saboda haka na san abin da girmansa yake nufi a wurinsa fiye da kai. Ka mayar da zaren. Sandar da injin na haƙura.

Merrilyn

Ƙari, 19 ga Fabrairu. Wasiƙar nan har yau tana kan tebur. Kogi ya haura mashigar motoci washegarin da na rubuta ta, hanya ta yanke, wayar kanti ma ta mutu. Kullum sai na je na duba sandar awon ruwa, kullum ya ƙaru.

Tarcoola
3 ga Maris, 1994

Yaya Merrilyn,

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani, tunda mako shida ke nan ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba. Na san wannan shirun naki. In aka ƙi bin maganarki sai ki ɗauke wuta, ki bar mutum ya yi ta sake-sake har ya zo ya ba ki haƙuri. Wannan karon ba zan zo ba.

Injin ya iso. Na naɗa zaren da kaina, na ɗaura zaren gaba mai kauri don kaifin kumatun kifin, na gwada kowane ƙulli. Jiya na aika. Sunan Baba na rubuta a kan ƙunshin, ba naki ba, don na san halinki, kina iya buɗewa ki sauya kafin ya gani.

Ki gaishe shi. Ki ce masa ina jiran hoto.

Lyall

Daly River
24 ga Maris, 1994

Lyall,

Muna nan lafiya, ruwa ya sauka, gidan bai nutse ba. Baba ya ɗan yi mura ta wuce.

Motar wasiƙu ta farko ta shigo shekaranjiya. Ita ta kawo ƙunshinka da 'yar takardarka mai daɗi, ita kuma ta fita da wasiƙar da na rubuta maka tun watan jiya. Ina tsaye ina kallo direban ya sauke ɗaya ya ɗauki ɗaya. Wai na ɗauke wuta. Ba ka ji a rediyo cewa rabin ƙasar nan tana ƙarƙashin ruwa ba?

Baba ya yi murna, wannan kam ba zan ɓoye maka ba. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ya kwanta. Ya buɗe da haƙori da hagu, ya hana ni taimaka masa. Ya yi ta shafa zaren yana cewa autansa ne kaɗai ya san shi a duniya. Ya kwana da sandar a gefen gado.

Na yi masa magana kai tsaye. Na ce ko ya bar ɗaure hannu, ko ya sassauta birki, ko in ƙi tuƙa jirgin. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In ba ki tuƙa ba, ni kaɗai zan tafi. Ki zaɓa." Ka san kuma zai yi. Jirgin nasa ne, mashiga taku ɗari biyu ce daga ƙofa, ni kuma ba zan iya tsare shi kullum ba.

Saboda haka na yi abin da ban so ba. Jiya yana barcin rana na ɗauki sandar na shiga rumfa. Na warware zaren kamu biyar, na yanke, na saka taƙi biyu na tsohon zaren roba mai kilo shida a tsakani, na ƙulle ƙanana yadda na iya, na naɗe. Idan ta ja da gaske, a nan zai rabu. Zai ɗauka ƙullinka ne ya saki, zai zage ka na mako guda. Ka ɗauki zagin, ai ka ci bashinsa.

Ban taɓa yi wa Baba ha'inci ba sai jiya. Da ya tashi ya ce in haɗa masa shayi, na kasa haɗa ido da shi. Ƙananan rafuka sun fara zubo baƙin ruwa cikin kogi, ƙananan kifaye sun cika bakinsu. Ya ce ranar biyu ga wata za mu fita.

Merrilyn

Tarcoola
5 ga Afrilu, 1994

Yaya,

Yau wasiƙarki ta takwas ga Fabrairu ta zo hannuna. Ita kaɗai, ban san ko akwai wata a bayanta ba. A tsaye na karanta ta a gefen layi.

Don me ba ki faɗa mini tun farko ba? A'a, bar shi, na san dalili. Ni ne na karanta "kilo shida" na ga raini, ban tsaya na tambaya ba.

Ki ɓoye sandar. Ki jefa injin a rijiya, ki ce ɓarayi ne, ki ce ni na ce a dawo da shi don yana da aibi. Ki huda jirgin in ta kama. Duk abin da zai ce, ki ɗora a kaina. Na je wurin shugaban aikinmu, ya ce ba mai canjina sai ashirin ga wata. Na roƙi a yi mini kira ta rediyon ofis zuwa kantinku, an ce layin can bai dawo ba.

Na ja zaren nan da hannuna, Yaya, na san abin da na aiko. Ki rubuto ko kalma biyu ce.

Lyall

Daly River
13 ga Afrilu, 1994

Ƙanena Lyall,

Baba yana da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune. Tsintsiyar hannunsa ta goce, ma'aikaciyar jinya ta gyara ta ɗaure, haƙarƙarinsa biyu sun yi tsami. Ni tafin hannuna ne ya ɗan yanke. Wasiƙarka ta zo jiya, kwana goma bayan an gama komai.

Mun fita ranar biyu ga wata da hantsi. Ya ɗaure hannunsa tun a mashiga, ya matse birkin da filaya. Ban hana shi ba, don ina taƙama da abin da na saka a zaren. A gwiwar kogi muka tarar da ƙaton kadan nan a kan laka. Da ya ji injin sai ya sulale cikin ruwa, ban sake ganinsa ba, kuma rashin ganin nasa ya fi ganinsa tayar mini da hankali.

Sau uku muna wuce itacen ba komai. A na huɗu Baba ya ce in matsa kusa, har kifin katakon yana taɓa rassa. Sai sandar ta lanƙwashe lokaci guda.

Ta yi tsalle, Lyall. Gaba ɗayanta ta fito, baki a buɗe, tana kaɗa kai. Ban taɓa ganin irinta ba, ko a hotunan da ke bangon kanti. Ta wuce mita nesa ba kusa ba. Da ta koma sai ta nufi ƙasan itacen, Baba ya zame daga benci ya faɗi a gwiwa, ƙirjinsa ya daki gefen jirgi.

Na kashe injin jirgi ina jiran zaren ya rabu. Ina ƙirgawa a zuci. Bai rabu ba. Na duba zaren daga bakin sanda har inda ya shiga ruwa, babu ƙullina, babu zaren roba. Ina jin tun washegarin da na saka ya ji ƙullin yana karo da zobban sanda, ya cire, ya sake ɗaurawa da haƙori ina kanti. Fiye da mako guda yana shan shayina bai nuna mini komai ba.

Na kama ɗamararsa ta baya da hannu ɗaya. Nauyinmu ya koma gefe guda, ruwa ya fara shigowa ta saman kwanon. Na kai hannu ga birkin, filaya ta matse shi, ya ƙi motsi. Hannunsa na dama yana cikin ruwa har gwiwa, robar ta miƙe ta nutse cikin fatar, ƙafarsa mai lafiya ta bar ƙasan jirgi. Wuƙar gyaran kifi tana kan benci. Ya ga na ɗauka.

"Kar ki taɓa," ya ce. "Merri, ta kusa juyowa. Kar ki taɓa."

Wataƙila da gaske ta kusa juyowa. Wannan tambayar ba ta bar ni ba har yau. Na dai ga fuskarsa taƙi ɗaya daga ruwan, ruwan kuma baƙi, ba na ganin abin da ke ƙasa. Na ɗora wuƙar a kan zaren. Ko yankawa ban yi ba, taɓawa kawai, ya rabu. Muka faɗi baya tare.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya zauna a cikin ruwan da ke ƙasan jirgi, sandar tana reto a hannunsa, yana kallon itacen har muka sha kwana. A mashiga mutane suka tambaye shi yaya kogi, ya wuce su kamar bai ji ba.

Tun ranar bai yi mini magana ba. Ina dafawa yana ci, ina ba shi magani yana sha, amma ya juya kujerarsa ta baranda ta ba ƙofa baya. Sai yau da safe, na kai masa shayi na juya zan tafi, ya kira sunana ba tare da ya waiwayo ba.

"Da na tafi," ya ce. "Na sani. Ƙafata ta riga ta tashi."

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Ba ki yi laifi ba. Amma ki ba ni lokaci, ba na iya kallonki tukuna."

Na ce to. Na shiga ɗaki na yi kukan da na riƙe kwana goma sha ɗaya.

Ka zo ranar ashirin ɗin. Kada ka zo da ban haƙuri, ba ni da wurin ajiye shi, ni ma da na faɗa maka gaskiya tun wasiƙar farko da ba mu kai nan ba. Ka zo ka zauna kusa da shi, yana bukatar wanda zai ba labarin girmanta, ni kuwa ba zai iya ba ni ba. Kada kuma ka ce masa na yi daidai. Ya sani, abin da ke cinsa ke nan.

Daga teburin da nake rubutu ina hango shi ta taga. Ƙeyarsa kawai nake gani, da farin gashin nan da ya ƙi a aske. Kwana goma sha ɗaya ke nan ƙeyar nake kallo, kuma wallahi Lyall ban gaji da ganinta ba.

Yayarka,
Merrilyn